Homon ne ko kumburin jiki ke jefa ni da maigidana cikin ciwon damuwa?

"Assalamu alaikum likita, Allah ya ƙara basira. Ni ina Tudun Wada ne nan Zariya, shekarata 45, yara shida. Kusan shekara guda kenan al'adata ta rikice, wani watan tazo sau biyu wani watan shiru, kuma tun lokacin bana samun bacci sosai, ga zufa cikin dare, gaɓoɓina na ciwo, ga kuka haka kawai ba wanda ya taɓa ni. Irin haka ya taɓa samuna bayan haihuwar autana amma ya wuce. Shi kuma maigidan yana da 54, yana da ciwon suga da tumbi, ya zama mafaɗaci, ya daina fita majalisa, har harkar iyali ma ya ja baya, wani abokinsa yace yaje ayi masa allurar testosteron. 'Yata dake karatu a ABU kuma tace ta karanta wai kumburin cikin jiki ne ke kawo ciwon damuwa, mu dinga shan ibuprofen. Dan Allah wanne ne gaskiya, homon ne ko kumburi, kuma ciwon ɗaya ne a mace da namiji?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya baku lafiya ke da Alhaji, ya yiwa yara albarka. In na fahimce ki abu uku kike son sani, ko rikicewar al'adar ce ta jawo miki wannan halin, ko abinda ke damun maigidan ƙarancin homon ɗin maza ne, wato testosteron, sai kuma maganar 'yarki ta kumburi. Toh gaskiya kowa a cikinsu ya riƙo wani ɓangare na gaskiya, abokin Alhaji da 'yar taki duka, sai dai maganin da kowannensu ya kawo ne ban yarda dashi ba, kuma zan faɗa miki dalili. Ki sani dai ban ganku ba ban auna ku ba, don haka ba zan ce ga takamaiman ciwonku ba, bayanin yadda abin yake zan yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya a alƙaluman da ta fitar a 2023 tace kusan mutum miliyan 280 ke fama da ciwon damuwa a duniya, kuma mata sun fi maza da kusan rabi, wato in maza biyu suka kamu mata uku ne zasu kamu, wasu binciken ma suna samun ninki biyu. Abinda yasa likitoci suka fara zargin homon, wato sinadaran jiki masu tafiyar da balaga da al'ada da haihuwa, shine wannan tazarar babu ita a yarinta, yaro da yarinya 'yan firamare kusan daidai suke, sai an fara balaga wajen shekara 12 zuwa 15 sannan mata ke wucewa gaba, kuma in kika duba rayuwar mace zaki ga ciwon yafi tasowa a wasu gaɓoɓi sanannu, kwanakin da al'ada ke gab da zuwa, bayan haihuwa, da kuma shekarun da al'ada ke shirin ɗaukewa, inda kike yanzu kenan.

Wane kumburi ake nufi

Ba irin kumburin da ake gani da ido ba kamar na targaɗe ko ƙurji. Garkuwar jiki in ta hango cuta tana sakin wasu sinadarai cikin jini da ake kira saitokain, manyansu IL-6 da TNF, sune ke kawo zazzaɓi, kuma suna isar da saƙo har ƙwaƙwalwa. Ki tuna ranar da maleriya ta kwantar dake, ba zafin jiki kaɗai ba, abinci baya miki daɗi, surutun yara na ɓata miki rai, ko waya ta shigo bakya son ɗauka, jiki ya mutu murus. Wannan ba ƙwayar cutar ce keyi da kanta ba, garkuwar jikinki ce ke tilasta miki kwanciya don a samu ƙarfin yaƙi, kuma cikin kwana kaɗan ya wuce. Matsalar ita ce in wannan tsarin ya kunnu kaɗan-kaɗan yaƙi mutuwa, wata da watanni, ba zazzaɓi ba komai amma saitokain na yawo a jini, sai mutum ya zauna cikin kasala da ƙunci da gudun mutane.

Hujja mafi ƙarfi da muke da ita daga masu ciwon hanta ta fito. Kafin sababbin ƙwayoyin maganin ciwon hanta nau'in C su fito a ƙarshen 2013, allurar intaferon ake yiwa mutane, ita kuma intaferon kanta saitokain ce, sai aka lura kusan mutum ɗaya cikin huɗu da ake yiwa, wanda da lafiyarsa ƙalau ta ɓangaren tunani, yana faɗawa cikakken ciwon damuwa cikin 'yan watanni. A Ingila ma an taɓa yiwa masu lafiya allurar riga-kafin taifot aka auna su bayan 'yan awanni aka ga walwalarsu ta ɗan ragu, kuma raguwar ta tafi daidai da yadda IL-6 ya hau. Yadda abin ke aiki kuwa, akwai wani sinadari tiriftofan da muke samu daga abinci mai gina jiki, dashi ƙwaƙwalwa ke haɗa serotonin, sinadarin da ke da hannu a walwalar mutum, toh saitokain na kunna wata hanya da ke karkatar dashi zuwa wasu abubuwa daban da wasunsu ma suna takurawa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, sannan suna rage aikin dofamin, wanda shine ke sa mutum yaji sha'awar tashi yayi abu.

Amma fa ba kowane mai damuwa bane ke da kumburi. Da aka tattara bincike da yawa a 2019 an samu kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na masu ciwon ke da CRP sama da 3, CRP ɗin shine gwajin jinin da ake auna kumburi dashi. Sauran ukun nasu bai haura haka ba kuma suna cikin damuwar. Sannan abin gaba da baya yake, ita kanta damuwar na hana bacci, ta hana motsi, ta sa wani shan sigari, waɗannan kuma duk suna ƙara kumburi, har yau masana basu gama rabe wanne ya fara ba a jikin mutum ɗaya.

Ɓangarenki Hajiya

Garkuwar jikin mace ta fi ta namiji saurin tashi, shi yasa cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita kusan kashi 80 cikin 100 mata ne ke dasu, ɗaya daga cikinsu da ake kira lufus ma mata tara ne namiji ɗaya. Istrojin, babban homon ɗin mata, yana da hannu a nan, in yayi yawa ya tsaya cak kamar lokacin ciki yakan lafar da wani nau'in kumburi, shi yasa mace mai amosanin gaɓɓai irin na garkuwar jiki takan samu sauƙi in tana da ciki, tana haihuwa kuma ciwon ya dawo, kuma in al'ada ta ɗauke istrojin ya sauka ana ganin IL-6 da TNF na ƙaruwa. A jami'ar Kalifoniya ta Los Anjelas an yi wani gwaji da aka wallafa a 2015, mutum sama da ɗari, aka yiwa wasunsu wata allura mai tada garkuwar jiki na 'yan awanni, matan sun fi mazan jin ƙunci da jin kamar an ware su daga mutane. Kinga kenan homon da kumburi ba kishiyoyin juna bane da za'a ce sai an zaɓi ɗaya, a haɗe suke aiki.

Abinda nafi so ki riƙe shine wannan. A 1998 wani likita Peter Schmidt da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka suka ɗauki mata masu shiga mummunan ƙunci duk sanda al'ada ta kusa, suka yi musu allurar da ke dakatar da homon ɗinsu gaba ɗaya, ƙuncin ya lafa, da aka mayar musu da istrojin ko furojestaron, ɗayan homon ɗin mata, sai ya dawo, amma matan da basu da matsalar da aka yiwa irin haka ko gezau. Kuma homon ɗin masu matsalar bai fi na sauran yawa ko ƙaranci ba, daidai suke. A 2000 suka sake yi da mata 16, aka ɗaga musu homon kamar na mai ciki sannan aka janye lokaci guda kamar an haihu, cikin mata 8 da suka taɓa yin damuwar jego 5 suka shiga halin, cikin 8 da basu taɓa ba ko ɗaya. Wato ba yawan homon bane ko ƙarancinsa, ƙwaƙwalwar wasu matan ce Allah ya yita bata jure canji. Kamar wutar lantarki ce, ba ɗauke wuta ke ƙona firij ba, hawa da saukar da take yi ne, kuma a layi ɗaya na wani gidan ya ƙone na maƙwabci ya tsira.

Toh ke kin bani alamar da kanki, kince ya taɓa samunki bayan haihuwar auta. Bayan haihuwa da zarar mabiyiya ta fita homon na faɗowa ƙasa cikin kwana biyu uku, yanzu kuma a shekara 45 ba sauka yake a hankali ba kamar yadda mutane ke zato, yau ya hau fiye da na budurwa gobe ya faɗo, shi yasa wata biyu wata shiru, kuma macen da ta taɓa yi a jego ta fi kusa da sake yi a wannan gaɓar. Shi yasa ma bana son mata na kashe kuɗi suna zuwa lab wai a auna musu homon, macen da ta kai 45 da irin alamominki gwajin baya ƙara mana komai, sakamakon ranar Litinin daban na Alhamis daban.

Kada kuma mu ɗorawa homon komai. Matan da ke zama gabana a wannan shekarun, in na ajiye biro nace Hajiya ya gida, nan ne maganar ke fitowa, 'ya ta isa aure ba kuɗin kayan ɗaki, tsohuwa na kwance ita ke jinya, ko an yi mata amarya ba wanda ya tambayeta ya take ji, ko kuma maigida ya canza hali kamar naki. Yawanci ma ba cewa suke ina cikin damuwa ba, sai tasa hannu a tsakiyar kai tace nan ke mata zafi kamar an ɗora garwashi, wani abu na mata yawo a jiki, ta sha maganin taifot har ta gaji. Homon na buɗe ƙofa ne, abinda ke shigowa sau da yawa daga rayuwa yake.

Akwai kuma cututtukan da ke kwaikwayon damuwa da dole a duba, ƙarancin jini musamman tunda al'ada na zuwa miki sau biyu a wata, da matsalar tayirod, wannan ƙullin na maƙogwaro da ke kawo maƙoƙo. Ga masu jego ma mu nan Zariya akwai ƙari, tun shekarun 1970 likitoci biyu Davidson da Parry suka yi rubutu daga asibitin ABU kan yawan ciwon zuciya bayan haihuwa, suka alaƙanta shi da wankan jego mai zafi da kunun kanwa, don haka maijego mai kasala da haki da kumburin ƙafa zuciyarta ake fara dubawa.

Zaɓin magani kuwa, akwai magungunan damuwa irinsu sertraline da fluoxetine, suna aiki a wannan shekarun kuma wasu cikin danginsu har zufar daren suna ragewa. Akwai kuma mayar da istrojin, a wani gwaji na jami'ar Arewacin Karolina da aka wallafa a 2018 kan mata 172, waɗanda aka liƙawa filastar istrojin kashi 17 cikin 100 ne suka samu alamomin damuwa, waɗanda aka liƙawa ta banza kashi 32. Amma wannan aikin likitan mata ne, ba'a ba wadda ta taɓa ciwon dajin nono ko daskarewar jini ko shanyewar ɓarin jiki, mai mahaifa kuma dole a haɗa mata da furojestaron, sannan kafin a fara sai an tabbatar jinin nan da ke rikicewa ba wani abu bane a mahaifar.

Shi kuma Alhaji

Na maza ba hawa da sauka yake ba, testosteron na raguwa ne a hankali, kusan kashi 1 cikin 100 duk shekara daga wajen shekara 40, kuma maza da yawa har su tsufa basa rasa wanda zai ishe su. Shi ma testosteron ɗin yana ɗan danne garkuwar jiki. Abinda ke kayar dashi da wuri shine irin abinda kika lissafa. Kitsen tumbi ba ajiya bace kawai, yana sakin IL-6 da TNF, sannan yana da wani sinadari da ke juya testosteron ya koma istrojin, shi kuma testosteron in ya ragu tsoka na raguwa kitse na ƙaruwa, abin sai ya dinga zagayawa. Kusan namiji ɗaya cikin uku masu ciwon suga irin na manya ana samun nasu ƙasa, kuma ciwon sugan kansa na ninka haɗarin damuwa kusan sau biyu. Don haka sau da yawa ƙarancin testosteron ɗin sakamako ne ba shine tushe ba, in tumbi ya ragu suga ya daidaita yakan ɗago da kansa. Raunin harkar iyali a mai suga ma yawanci daga jijiyoyi da hanyoyin jini ne, allurar homon bata gyara wannan.

Namiji kuma ba kasafai yake kuka ba, faɗa yake, ko yayi shiru, ko ya daina fita, wani ya koma ƙwaya. Ni in magidanci ya shigo na kan ce ya zazzage aljihu, sai kiga ya ciro ƙullin leda, ga tiramadol da yake sha wai don ƙarfin jiki, ga wani garin maganin maza da aka saya a tasha ba suna ba komai, ga diclofenac, yana ajiyewa kan tebur ɗaya bayan ɗaya yana kallon gefe. Tiramadol da kodin kuwa suna cikin manyan abubuwan da ke kashe testosteron, kuma haɗa tiramadol da maganin damuwa haɗari ne. Munshari mai ɗauke numfashi cikin dare shima yana yi, ke ce zaki fi kowa sanin ko yana dashi. Kuma kada a raina damuwar namiji don ance mata sun fi yawa, a duniya mazan da ke kashe kansu sun ninka mata fiye da sau biyu.

Allurar da abokinsa ya faɗa ba'a yinta da ka. Ana auna jini da safe kafin ƙarfe 10 bai ci komai ba, a rana biyu daban-daban, kuma ba lokacin da yake zazzaɓi ba, sai duka biyun sun nuna ƙasa ga kuma alamomi. A Amurka an gwada maza 790 masu shekara 65 zuwa sama da nasu ya tabbata ƙasa, sakamakon ya fito a 2016, sha'awa ta ƙaru, walwala ma ta ƙaru amma kaɗan ne. A ɗaya ɓangaren testosteron ɗin yana sa jini yayi kauri, sai an duba mafitsara da furostet, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kafin a fara, kuma yana tsayar da samar da ƙwayoyin haihuwa har maraina su motse, wannan kam in na faɗawa maza da yawa nan take suke fasawa.

Maganar ibuprofen

'Yarki ta karanta gaskiya amma ta tsallaka matakala. A 2013 a jami'ar Emory ta Amurka an ba mutum 60 masu damuwar da taƙi jin magani gwaji, rabi aka basu infliximab, magani mai ƙarfi da ke toshe TNF, rabi ruwan gishiri, a jimlace babu bambanci, waɗanda CRP ɗinsu ya haura 5 ne kawai suka nuna alamar amfana, masu ƙarancin kumburi ma ruwan gishirin ya fi musu. Wani babban gwajin a Ostareliya da Amurka mai tsofaffi sama da dubu 19 ya nuna shan asfirin kullum bai kare su daga damuwa ba. Shi kuma ibuprofen da diclofenac in aka daɗe ana sha olsa ce da hawan jini da lalacewar ƙoda, mai ciwon suga kuwa ƙodarsa dama a kan siraɗi take, dan Allah kada Alhaji ya fara. Haka dexamethasone da prednisolone, irin waɗanda 'yan mata ke sha don ƙiba, suna kashe kumburi ƙwarai amma su kansu suna rikita tunani su hana bacci su tada suga. Gwajin CRP ɗin ma a garinmu da wuya ya faɗa miki wani abu kan damuwa, maleriya ta ɗaga shi, ruɓaɓɓen haƙori ya ɗaga shi, tarin fuka, sikila, ciwon sanyi, duk suna ɗagawa, in ya hau sai dai a nemo wanne ne a cikinsu a magance.

Abinda ke rage irin wannan kumburin kuma ya taimaki damuwar lokaci guda ba'a kemis yake ba, tafiya ce da sauri ta minti 30 mafi yawan kwanakin mako, bayan asuba kafin rana tayi zafi, da rage lemon kwalba da shayi mai suga da yawan tuwo da dare, da gyara bacci, da riƙe suga yadda likita yace. Ba wai ya wadatar ba in ciwon yayi nisa, amma shine kaɗai abinda zan ce ku fara gobe ba tare da an duba ku ba.

Ke ki fara da sashen likitan iyali ko na mata a asibitin koyarwa na Shika ko Gambo Sawaba dake Ƙofar Gayan, ki faɗi komai har kukan da na jegon baya, a auna yawan jini da tayirod da suga, akwai wasu tambayoyi tara da ake yi na auna damuwa ki nemi ayi miki. In aka baki magani yana ɗaukar sati 2 zuwa 6 kafin kiji canji, kuma in kin warware ana ci gaba aƙalla wata 6, mutanenmu sai su sha na kwana goma suce baya aiki. Addu'a da azkar ki riƙe su, basu hana magani ba. In har ɗayanku ya fara cewa gara mutuwa, ko ya daina ci, ko ya fara jin muryoyi, wannan ba'a jira ranar kilinik, a tafi Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya dake Barnawa a Kaduna ranar. Shi kuma Alhaji in kika ce masa muje wajen likitan ƙwaƙwalwa nasan ba zai je ba, ki bari ranar da zai koma kilinik ɗin suga ki raka shi ko ki haɗa shi da babban ɗansa, a faɗawa likitan faɗan da daina fitan da maganar allurar, daga nan za'a rubuta masa gwajin safen a kuma yi masa tambayoyin.